Maganin Ciwo da Ke Cikin Jikin Mutum

Sau da yawa manomi yana tsakiyar aiki sai fartanya ta sare shi a ƙafa, amma ba zai ji zafi sosai ba sai ya koma gida. Haka ɗan dambe, ba ya jin raɗaɗin naushi sai an tashi daga wasa. Dalili kuwa shi ne, jiki yana da nasa maganin ciwo.

A cikin ƙashin baya akwai wata farar igiya mai taushi da ta gangaro daga ƙwaƙwalwa. Ita ce laka. Idan mutum ya ji rauni, jijiya takan ɗauki saƙo ta kai wa laka. A nan za ta miƙa shi ga wata jijiya, ita kuma ta haura da shi ƙwaƙwalwa. Sai saƙon ya isa can, sannan mutum ya ji zafi.

To, a wurin miƙa saƙon nan ne maganin yake aiki. Idan ƙwaƙwalwa ta aiko da umurni, wasu ƙananan jijiyoyi a cikin laka sukan saki wani sinadari mai suna enkefalin. Aikinsa biyu ne. Yana rage ƙarfin saƙon da jijiyar farko ta kawo, yana kuma sa ta biyun ta yi sanyi wajen karɓa. Ke nan saƙo kaɗan ne zai wuce, sai zafi ya ragu. Wasu masana biyu, John Hughes da Hans Kosterlitz, su suka gano enkefalin a shekarar 1975 a ƙasar Sikotilan.

Magunguna irin su mofin da kodin da tiramol su ma a wannan wuri suke aiki. Amma akwai bambanci. Na jiki ɗan kaɗan yake fitowa, kuma nan da nan yake gushewa. Ƙwaya kuwa takan daɗe a jini. Mai yawan shan ta jikinsa zai saba, har ya kasa aiki sai da ita. Idan ta yi yawa takan tsayar da numfashi, har ta kai ga rasa rai. Saboda yawan shaye-shaye ne gwamnatin Nijeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018.

Ciwo ɗan aike ne, yana faɗin cewa wani wuri ba lafiya. Wanda ciwo ya ƙi sakinsa ya tafi asibiti a duba shi, kada ya nufi mai tallar ƙwaya.