Harsashi ɗaya da ke saura a ciki

Daga Illela zuwa Birnin Ƙonni tafiyar 'yan mintuna ce, kuma ba shanu da albasa kaɗai ke ratsa wannan iyaka ba. Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai suka bazu a Sahel. Kowa AK-47 yake ambata. Ƙaramar bindigar soja, wato fistol, wadda ake sokewa a ƙugu ƙarƙashin riga, ba a cika maganarta ba, alhali ta fi saurin tashi a hannun wanda bai san halinta ba.

Irin wannan bindiga ita ke ɗana kanta. Da an harba sai ta tofar da kwanso, ta ɗauko wani harsashi daga gidan harsasai ta ajiye shi a gindin bututu. To ko an zare gidan harsasan, wannan ɗayan yana nan kwance.

A nan ne tsofaffin bindigogin suka sha bamban. Browning, wadda kamfanin FN na Beljiyam ya fitar a 1935, mai cin harsashi 13, wadda sojojin Najeriya suka daɗe suna ratayawa, an yi mata wata dabara: muddin an cire gidan harsasai, kunamar ba ta aiki. Tokarev ta Tarayyar Sobiyet kuwa, ƙirar shekarun 1930 mai cin 8, da 'yar'uwarta da Sin ta kwaikwaya, ba su san wannan ba. Tokarev ta asali ko makullin da ake turawa da babban yatsa ba ta da shi. Abin da ke riƙe gudumarta wata 'yar tsaga ce a ƙarfe, ƙarfen da ya shekara sittin ko saba'in yana cinyewa. Idan ta suɓuce ta faɗi a kan siminti, tana iya tashi ba a taɓa kunama ba. Wanda hannunsa ya saba da Browning, ya ɗauki Tokarev, ya zare gidan harsasai ya ce "ai babu komai a ciki", sabonsa ne zai ci shi, ko ya ci na kusa da shi.

Masu makullin ma bakinsu bai zo ɗaya ba. A Makarov ta 1951 sama ake turawa a kulle, a Walther P38 ta Jamus ƙasa ake yi. A ganina makullin da sai ka tsaya tunanin inda yake fuskanta rabin amfaninsa ya tafi.

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun makamai, lasisinta sai daga shugaban ƙasa. Manomi a karkarar Illela da ya ci karo da irinta a daji, abin da ya dace shi ne ya bar ta inda take, ya kori yara daga wurin, ya sanar da mai unguwa da 'yan sanda.