GUGA CIKIN SAURI: RABIN AIKIN A WURIN SHANYA YAKE

A gidajenmu da yawa babu lokacin da hankali ke tashi kamar safiyar Lahadi da ta Litinin. Lokacin sujada ya yi, ko yara suna shirin makaranta, sai a sa'an nan ne za a tuna ba a goge tufafi ba. Uwargida na neman zanen Zumuntar Mata, maigida na kiran a kawo masa kaftani, ana cikin haka a ɗauke wuta. Ƙarshenta a fita da ɓacin rai, a kuma isa a makare.

Jama'a, saurin guga ba ƙarfin hannu ba ne, ba kuma tsadar dutsen guga ba ce. Shiri ne, kuma yawancin shirin ana gama shi tun dutsen bai ɗauki zafi ba.

TUN DAGA WURIN WANKI

Tufa takan yamutse ne saboda yadda ta bushe. Zaren auduga yakan saki in ya sami ruwa da zafi, ya kuma ƙame a yadda ya bushe. Saboda haka wanda ya murɗe riga da ƙarfi ya jefa ta a igiya a dunƙule, ya ƙara wa kansa aiki ne. Bayan ɗauraya, a matse a hankali, a kakkaɓe sau biyu ko uku, a miƙar da wuya da hannaye da bakin riga, sa'an nan a shanya. Riguna a rataye su a hanga in akwai. Zane kuwa a baza shi sosai a kan igiya.

Kada a bari kaya su bushe ƙayau. A kwashe su da ɗan sauran danshi, domin danshin nan shi ke sa dutse ya wuce sau ɗaya ya gama. Da hunturu, lokacin da wanki ke bushewa kafin a juya, a yayyafa wa kayan ruwa, a naɗe su, a bar su kamar minti 15 ruwan ya ratsa ko'ina. Amma kada su kwana a jiƙe, musamman da damina, domin za su yi wari da fumfuna. Sitaci ma a sa shi daidai. In ya yi yawa yakan manne wa dutse ya ƙone, ya ɓata farar tufa.

RANA ƊAYA, ZAMA ƊAYA

Guga na cin wuta ƙwarai. Yawancin duwatsun guga na lantarki suna jan wat 1,000 zuwa 2,000, shi ya sa ƙaramin janareto ba ya iya ɗaukarsu. Dutse mai wat 1,000 zai iya cin kusan yunit ɗaya a awa guda. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya zuwa naira 225 ga masu rukunin A, kuma duk mai mitar kati ya san yadda kuɗi ke zarcewa. Dutsen da aka bari a kunne ana neman hula a cikin akwati, kuɗi yake ci a banza.

Don haka a ware rana guda a mako, a tara kayan gida duka, a goge su a zama ɗaya. Da yake wuta ba ta da alkawari, tun zamanin NEPA har zuwa kamfanonin da suka karɓi rarraba ta a 2013, a shirya kayan tun ba a kawo ta ba. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Wurin guga ma yana da muhimmanci. Katifar soso ta yi laushi da yawa, ba ta ba da kari mai kyau, kuma zafi na ɓata ta. A sami tebur, a shimfiɗa bargo ninki biyu, a rufe shi da farin ƙyallen auduga. A ajiye ruwan yayyafi da hanga kusa da hannu.

WANNE ZA A FARA?

A duba ɗan ƙyallen da ke wuyan riga daga ciki. Sau da yawa akwai hoton dutsen guga da ɗigo a cikinsa. Ɗigo ɗaya na nufin zafi kaɗan, wajen digiri 110, na yadi mai roba-roba. Ɗigo biyu wajen digiri 150 ne, na ulu da makamantansa. Ɗigo uku wajen digiri 200 ne, na auduga. In an ja gicciye a kan hoton, ba a guge wannan tufa sam.

A kasa kayan kashi uku bisa ga wannan. Mai dutsen lantarki ya fara da masu son zafi kaɗan, ya riƙa ƙarawa har ya kai ga atamfa da yadin auduga. Dalili kuwa shi ne dutse na saurin ɗaukar zafi amma yana daɗewa bai huce ba. In an kusa gamawa, a zare shi daga soket, a ƙarasa hankici da ɗankwali da sauran zafin. Mai dutsen gawayi kuwa akasin haka zai yi: ya fara da masu kauri sa'ad da garwashi ke da ƙarfi, ya bar marasa kauri sai ya lafa. Ya riƙa goge ƙasan dutsen a tsumma, ya hure toka nesa da kaya, kuma ya yi aikin a waje ko kusa da taga a buɗe, domin iskar gawayi a rufaffen ɗaki tana kisa.

A rigar shat, a fara da kwala, sai kafaɗa, sai hannaye, sa'an nan gaba da baya, don kada wurin da aka gama ya sake yamutsewa. A wando, a fara da aljihu da ƙugu kafin a ɗora kari. Zane a ninka shi biyu, a goge ɓangarorin a haɗe. Aikin wuyan kaftani ko babbar riga a kife shi a kan tawul a goge ta ciki. Baƙin yadi da riga mai tambari su ma ta ciki ake bi, leshi kuma a ɗora masa ƙyalle. Shadda mai tsada, in ana son sheƙinta, gara a kai wa masu bugu. A ja dutse a miƙe, a tsanake. Sauri kan haifi nawa, kuma rigar da ta ƙone ba ta da gyara. Abin da aka gama a rataye shi ya sha iska kafin a ninke.

ABIN DA BA A TSALLAKEWA

Akwai wani ƙuda da likitoci ke kira tumbu, wanda ke zuba ƙwai a ƙasa mai ƙazanta da kan tufafi masu danshi. In an sa tufar, tsutsar takan huda fata ta kumbura kamar maruru. Zafin guga na kashe ƙwan. Saboda haka kada a shanya kaya a ƙasa, kuma kada a ce don sauri za a bar kayan jarirai da kayan ciki ba guga.

Na biyu, in an ɗauke wuta ana cikin guga, a zare dutsen daga soket nan take, kafin a yi komai. Wuta takan dawo ba sallama, kuma dutsen da aka manta a kife a kan bargo ya isa ya tayar da gobara. A ajiye shi inda yaro ba zai kai hannu ba. In wani ya ƙone, a zuba wa wurin ruwan sanyi mai tsabta har minti 20, ba manja ko man goge baki ba, in ƙunar ta yi girma a tafi asibiti.

A ƙarshe, guga ba aikin uwargida kaɗai ba ne. Samari da 'yan mata su koya, maigida ma ya sa hannu. Gidan da ya gama gugarsa ranar Asabar zai tashi Lahadi da kwanciyar rai, ya kuma isa sujada a kan lokaci.