Wane Ne Ɗan Gudun Hijira, Kuma Mene Ne Haƙƙinsa a Kanmu?

An tambaye mu: shin baƙin da fitina ta koro hukuncinsu ɗaya ne?

Mutanen Damagaram ba su manta da watan Fabrairu na 2015 ba, sa'ad da aka kai hari Boso da Diffa, motoci suka yi ta sauke mata da yara a garin nan. A ido duk ɗaya suke, amma doka ta bambanta su.

Na farko shi ne ɗan gudun hijira. Yarjejeniyar Janeba ta 1951 ta ce shi ne wanda ya fita daga ƙasarsa don tsoron a zalunce shi saboda jinsinsa, ko addininsa, ko asalin ƙasarsa, ko rukunin jama'arsa, ko ra'ayinsa na siyasa. A 1969, a Addis Ababa, ƙasashen Afirka suka ƙara da wanda mamaya ko babbar tarzoma ta kora. Misalinsa mutanen Barno da suka shigo Diffa.

Na biyu mai neman mafaka, wanda ya kai kukansa ba a yanke hukunci ba tukuna. Dokar Nijar ta 1997 ta ɗora wa wata hukuma duba irin wannan buƙata.

Na uku wanda ya bar gidansa bai ƙetare iyaka ba, kamar mutumin Boso. Shi ɗan ƙasa ne, haƙƙinsa bai ragu ba, kuma dokar 2018 ta ƙarfafa kāre shi.

Akwai kuma wanda bai cika sharuɗɗan farko ba, amma mayar da shi halaka ne. Wasu ƙasashe kan ba shi kariyar jinƙai. Ɗan ci-rani kuwa ba ya cikinsu, domin ƙofar gidansa a buɗe take.

Tushen lamarin dai guda ne: ba a mayar da mutum inda ake neman ransa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Najjashi, Sarkin Habasha, ya ƙi miƙa Sahabbai ga manzannin Ƙuraishawa duk da kyautar da suka kai masa. Aya ta 6 ta Suratut Tauba ta yi umurni a ba ko mushiriki mafaka idan ya nema, sa'an nan a kai shi wurin amincinsa. Ranar buɗe Makka, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zartar da amanar da Ummu Hani ta bayar.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, kada ka tsawwala wa baƙo kuɗin haya, kada ka tauye ladan aikinsa don ba shi da mai tsaya masa. Raka shi wurin hukuma a rubuta sunansa, ka kira shi buɗa-baki. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya karɓi azuminmu. Amin.