Dahuwar Kifi a Gidajen Birnin Katsina da Kalmominta

Birnin Katsina ba bisa gaɓar wani babban kogi yake ba, saboda haka tun zamanin da mafi yawan kifin da ke shiga tukwanen mutanensa busasshe ne, wanda fatake ke kawowa daga nesa, musamman daga tafkin Chadi. Shi ake kira banda, watau kifin da aka ƙyafe bisa wuta don kada ya ruɓe a hanya.

Uwargida takan jiƙa banda cikin ruwan zafi, ta cire ƙaya, ta marmasa tsokar cikin miyar kuka ko ta kuɓewa tare da daddawa, a ci da tuwon dawa da dare. A nan kifi mahaɗin miya ne kurum, yakan narke har ba a ganinsa.

Madatsun ruwa, irin na Zobe kusa da Dutsin-Ma da aka kammala a 1983, sun sauƙaƙa samun ɗanyen kifi, sai dahuwa ta sake. Tarwaɗa sai an zuba mata ruwan zafi ko an goge ta da toka yauƙinta ya fita. Karfasa kuwa a kankare ɓawonta, a kashe ƙarni da lemun tsami, a soya. Kalmar farfesu ma baƙuwa ce, daga Turancin kudu aka aro ta.

Ya kamata malamai su lura: yaro ɗan birni yakan san farfesu sarai, amma a tambaye shi bambancin tarwaɗa da karfasa, sai ya yi shiru.