Ciwo a Ƙasar Wasu: Wa Zai Biya Asibiti?

A gida, idan ciwo ya kwantar da mutum, dangi ne inshorarsa. Yaya ya kawo abin da ya samu, kawu ya sayar da rago, maƙwabta su yi karo-karo, har a haɗa kuɗin tiyata. Wanda ya bar Kano ko Maraɗi ya tafi karatu ko neman abinci a Landan, Jidda ko Amurka ya bar wannan gatan a baya, ya kuma faɗa inda kwana ɗaya a gadon asibiti kan cinye abin da aka yi wata ana tarawa. Don haka bai kamata baƙo ya zauna a ƙasar wasu ba tare da ya san wanda zai biya masa asibiti ba. Batun ya sayi inshorar lafiya ta kamfani ko ya bari kuwa, ya danganta da giɓin da tsarin ƙasar ya bar masa.

A Ingila giɓin ƙarami ne. Tun 2015 galibin masu neman bizar zama ta fiye da wata 6 suke biyan harajin lafiya tare da kuɗin biza. Da fam 200 a shekara aka fara, amma daga Fabrairun 2024 ya kai fam 1,035, ɗalibai kuma fam 776. Wanda ya biya wannan yana ganin likita a asibitocin gwamnati na NHS kamar ɗan ƙasa, kuma idan ya ƙara inshorar kamfani, abin da ya saya kawai shi ne tsallake dogon layin jira. Ɗalibin da iyayensa ke canza naira su aika masa ba ya bukatar inshorar kamfani. Mai bukata shi ne mahaifiyarsa da ta zo da bizar ziyara: idan aka kwantar da ita, za a caje ta kuɗin aikin har da ƙarin rabinsa.

Amurka kuwa wata duniya ce. Dokar 1986 ta hana sashen gaggawa korar mara lafiya saboda ba shi da kuɗi, amma ba ta ce kyauta ba ne. Za a ɗora karaya, a sallami mutum, bayan 'yan makonni takardar bashin dubban daloli ta iso ta gidan waya, har da kuɗin motar da ta ɗauko shi. Ko mai katin zama na dindindin yakan jira shekara 5 kafin ya cancanci tallafin Medicaid a jihohi da yawa. Zama a can ba inshora ganganci ne tsagwaronsa. A Saudiyya da Dubai doka ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin yi wa ma'aikacinsa inshora, sai dai wanda ba shi da iƙama yana wajen wannan rumfa, kuma 'yan'uwanmu irin waɗannan ba kaɗan ba ne.

Wasu na cewa asara ce, saurayi mai jini a jika ya yi ta biya shekara da shekaru bai taɓa shan ko allura ba. Ai ba don mura ake biya ba. Ana biya ne don haɗarin mota ko ciwon ƙoda, irin lalurar da albashi ba ya ɗauka. Wasu kuma damuwarsu ta addini ce, kuma tana da tushe, domin a 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta haramta inshorar kasuwanci saboda gararin da ke cikinta. Amma a wannan zama ɗin ne ta halatta ta taimakekeniya, wato takaful, wadda ake samu a ƙasashen Larabawa da Malesiya, kuma malamai da dama sun yi rangwame inda doka ta tilasta.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne kamfanoni na zillewa ranar biya. Wannan gaskiya ne, kuma yawanci ta ƙofa biyu suke fita: ciwon da mutum ya zo da shi, kamar suga, hawan jini ko sikila, da kuma kason da sai ya biya daga aljihunsa kafin su sa hannu. Baƙo ko da ido makaho ne, sai ya sa wanda ya daɗe a garin ya karanta masa takardar layi-layi kafin ya rattaba hannu. Ya tambaya musamman ko ta ƙunshi mayar da mara lafiya ko gawa gida, domin harajin lafiyar Ingila bai ɗauki wannan ba. Shi ya sa har yau ake ganin hoton mamaci yana yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan gari, da lambar asusu a ƙarƙashinsa, gawa na jira a ɗakin sanyi ana ta roƙon a taimaka.