Ɗanyen nama: amfaninsa da hanyar adana shi

Nama abinci ne mai gina jiki da ƙara jini, musamman ga yara da mata masu ciki. Hanta kuwa tana kare ido daga dundumi. Amma ɗanyen nama ba ya jimre wa zafi. A lokacin bazara, idan ya wuce awa 1 a waje ba a dafa shi ba, ƙwayoyin cuta sun fara yaɗuwa a cikinsa.

A sayi naman da likitan dabbobi ya duba a mahauta. A guji yanka dabba marar lafiya. A shekarar 2016, cutar da ake kira zazzaɓin Rift ta kashe mutane a yankin Cintabaraden, cikin jihar Tawa. Ana kamuwa da ita ta taɓa jini ko naman dabbar da ta kamu.

Wajen dahuwa, a bar nama ya nuna har ciki, kada a ga ja. Naman shanu da bai nuna ba yana sa tsila. A wanke hannu da wuƙa da sabulu kafin a taɓa wani abinci.

Wanda ba ya da firigo, ya yanyanka naman falle-falle, ya cire kitse, ya shafa gishiri, ya shanya a rana bisa igiya, nesa da ƙuda da ƙura. Gishiri da rana suna janye ruwan da ƙwayoyin cuta ke rayuwa da shi. Naman layya kuwa a soya shi har ya bushe, a zuba cikin tukunya mai murfi.

Duk naman da ya yi wari ko yauƙi, a binne shi. Asarar nama ta fi jinyar yaro sauƙi.