Ko Kun Sani? Lafazin Turancin 'Yan Kwalejin Katsina

Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a hukumance a 1922, ta yi suna wajen koyar da furucin Turanci irin na mutanen Ingila. Malaman da ke koyar da Turanci Turawa ne, ɗaliban kaɗan ne, kuma a makarantar suke kwana, don haka kunnensu ya saba da harshen tun daga bakin masu shi. A nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya goge har aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Isa Kaita, Wazirin Katsina, wanda kwalejin ilimi ta Dutsin-Ma ke ɗauke da sunansa, shi ma ɗan makarantar ne, kuma ya yi aikin rediyo a Accra lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Wahalar da Bahaushe ke sha wajen furucin Turanci tana da dalili. Hausa ba ta bambanta "p" da "f", ba ta da "v", ga shi kuma ba ta son baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma. Shi ya sa ake cusa wasali a tsakani, aka samu burodi da fulawa. Ɗalibin da ya san waɗannan matsaloli ya san inda zai fi ba da ƙarfi. Karin maganar Turanci kuwa ba a haddace ta daga ƙamus kaɗai. Yawan saurare da hira ke zaunar da ita a baki.

A 1938 aka mayar da Kwalejin Katsina zuwa Kaduna, daga baya Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa.